Wa Ke Daka Ƙanƙarar Alƙali?

In ka shiga otal ɗin nan mai hawa uku da ke kallon shataletale, ka wuce teburin karɓar baƙi ka karya dama, za ka tarar da wata doguwar kanta ta katako, a bayanta kuma wani dattijo siriri mai farar riga da tawul a kafaɗa. Shi ne Alƙali. Bai taɓa taka kotu ba, ko shaida ba a taɓa kiransa ba. Lemo yake haɗawa: na abarba, na mangwaro, na kankana, ruwan lemun tsami da shayi mai sanyi. Shekararsa talatin da ɗaya a bayan kantar nan. Manajoji bakwai sun zo sun tafi, an canza kujeru sau uku, shi da tawul ɗinsa suna nan inda aka san su.

Kuku, mai dafa abincin otal ɗin, shi ya laƙaba masa sunan tun suna da baƙin gashi, don kafin baƙo ya gama jan kujera Alƙali ya riga ya yanke masa hukunci. Hukuncin nasa kuwa ba ya zuwa da sassauci. In ka gaishe shi da fara'a, akwai abin da kake nema. In ba ka gaishe shi ba, akwai abin da kake ɓoyewa. Mutumin kirki ne, kada a yi masa ƙazafi, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Illa dai Allah ya yi shi da zuciyar da ba ta yarda a ce ruwa ruwa ne sai ta shinshina.

Abin alfaharinsa a duniya ƙanƙara. Iri huɗu yake ajiyewa. Akwai 'yan ludo, ƙanana masu kusurwa, irin waɗanda kowa ya sani. Akwai mai rami, wadda inji ke fitarwa kamar an yayyanka bututu. Akwai ƙwallo, guda ɗaya tak mai cika kofi, wadda shi da kansa yake daskararwa a mazubin roba da ruwan da ya tafasa sau biyu, ta fito garau har kana iya karanta jarida ta cikinta. Sai ta huɗu, dakakkiya, wadda yake yi yana yamutsa fuska.

A wasu wuraren ana tambayar baƙo wace iri yake so. Ban da wajen Alƙali.

"Tambaya aikin wanda bai iya aikinsa ba ne," in ji shi. "Ni kallo ɗaya nake yi."

Kuma yana da dalilansa, waɗanda duk ma'aikatan otal suka haddace ba don suna so ba. 'Yan ludo na bayin Allah ne da ƙishirwa ta kawo su, su sha su tashi. Mai rami ta masu ƙorafi ce, tana cika kofi tana cika ido, ciki kuwa iska. Ƙwallo ta mai niyyar daɗewa ce, don ba ta saurin narkewa, mutum zai yi awa guda a zaune lemonsa bai salance ba. Dakakkiya kuwa nan take take sanyaya abin sha, nan take kuma take mutuwa, minti goma lemo ya koma ruwa. Saboda haka duk wanda ya ture wadda aka ba shi ya ce a kawo masa dakakkiya, to ba shi da niyyar zama.

"Wanda kuwa ba shi da niyyar zama," Alƙali yakan ce yana goge kofi, "ba ya son a same shi a inda yake ne. Ka sa masa ido."

Sau ɗaya, shekaru da dama da suka wuce, maganarsa ta fito. Wani mai kwat da jaka ya nemi dakakkiya, idonsa na kan ƙofa. Alƙali ya yi wa maigadi inkiya, aka tare shi, sai ga wayoyin baƙi biyu a jakar. Tun daga ranar babu sabon ma'aikacin da bai sha wannan labari ba. Sauran bayin Allah ɗari da suka nemi dakakkiya don kawai haƙoransu na son tauna, suka biya suka tafi lafiya, su ba sa cikin tarihi.

Gidansa na ƙarshen wani lungu ne, ɗaki biyu da falo, yana kallon shagon wani mai aski. 'Ya'yansa mata biyu sun yi aure a nesa. Daga shi sai matarsa, wadda duk lungun ke kira Mai Ɗinki, don ƙarar kekenta ce ke tashin makwabta da safe. Shekararsu talatin da huɗu tare. Mace ce mai dariya a ciki, wadda in ya dawo yana zazzage mata laifin mutanen da ya gani a ranar, sai ta ci gaba da taka keke tana cewa, "To, Allah ya shirye su, Maigida." A duk faɗin duniya ita kaɗai ce bai taɓa sa wa ido ba. Bai taɓa faɗa ba, amma a kanta yake sauke kayan zargin da ya wuni yana ɗauka, ya yi barci.

Tana da ƙane guda, autansu, direban motar haya, kowa Direba yake ce masa. Shekara uku da suka wuce, a wani taron dangi, Direba ya ɗaga murya yana dariya ya ce, "Yaya, mijin nan naki shekara nawa yana wankin kofi, har yanzu ba a ba shi satifiket ba?" Aka kwashe da dariya. Irin tsokanar da ƙanen mata ke yi wa mijin yayarsa ce, ba yau aka fara ba. Amma Alƙali ya duba maganar ciki da waje ya yanke cewa tsohon raini ne ya samu ƙofa. Ya rantse Direba ba zai ƙara taka masa gida ba. Mai Ɗinki ta yi wata guda tana ba da haƙuri, da ta ga dutse take roƙo sai ta yi shiru. Abin da ya ƙara tabbatar wa Alƙali hukuncinsa, Direba ɗan dakakkiya ne. Zai bar mota a kunne, ya shigo a tsaye, ya tauna ƙanƙara ƙurus-ƙurus kamar doki da dawa, ya fice.

A gida Alƙali yana da tasa ƙaramar firizar, kuma saman cikinta nasa ne shi kaɗai: tire biyu na 'yan ludo da mazubin ƙwallo biyu, duk da tafasasshen ruwa. Kullum ya dawo aiki da yamma zai cire takalmi, ya matse lemun tsami, ya jefa ƙwallo ɗaya, ya zauna ƙofar falo.

Wata Talata ya buɗe firizar, hannunsa ya tsaya a sama. Tiren a cike yake, babu gurbi ko ɗaya. Amma shida daga cikin 'yan ludon suna da farin gajimare a tsakiya. Wani ba zai gani ba. Shi kuwa ya san tafasasshen ruwa ba ya yin haka, wannan ruwan famfo ne. Wato an cire shida, an mayar da ruwa don kada a gane.

Ya rufe firizar. Ya zagaya kicin a hankali. A bayan ƙofa ya samu tsumman goge kwano a jiƙe, da ƙananan huji-huji a tsakiyarsa. A kan taga ga ƙaramar gudumar da Mai Ɗinki take buga maɓalli da ita. Tsumma mai huji da guduma ba sa bukatar tafinta: an naɗe ƙanƙara an daka. A kan kwandon wanke-wanke kuma kofi biyu a kife. Ya shinshina na farko, shayi. Ya shinshina na biyu, babu ƙamshin komai. Ya gyaɗa kai. An wanke wannan da kyau ke nan don a kashe shaida.

Ya same ta a ɗaki, tana kwance ta juya wa ƙofa baya.

"Wa ya taɓa mini tire?"

"Ni ce, Maigida. Zafi ne ya dame ni."

"Ke? Ke da kika yi shekara talatin da huɗu kina ce mini sanyi na kama miki haƙori?"

"Mutum yana canzawa," ta ce. Muryarta a dishe, kuma ba ta juyo ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Daga ranar Alƙali ya buɗe wa gidansa idon da yake buɗe wa baƙi, kuma mai neman shaida ba ya rasawa. Ta daina cin abinci tare da shi, kullum sai ta ce ta riga ta ci. Da wa ta ci? Keken ɗinkin a lulluɓe, ya shafa yatsa ya ɗebo ƙura, kuma ya ga wata mata ta zo ta karɓi yadinta ba a ɗinka ba. To ina take wuni? In waya ta yi ƙara sai ta shige banɗaki da ita. Ta koma kwana da ɗankwali a ɗaure tamau, fuska a bango, kamar mai tsoron ya karanta wani abu a goshinta. Ta rame, amma wannan ma yana da fassara a wurinsa: mai ɓoye magana ba ya ƙiba. Sannan duk bayan mako biyu, ranar Talata, sai ya ga sawun tayar mota a ƙasar ƙofar gida, da ɗigon baƙin mai a wuri ɗaya. Mota ɗaya ya sani mai yoyon mai haka.

Biri ya yi kama da mutum. Dakakkiya, shayi a tsaye, baƙin mai. Direba ne ke shigar masa gida in ya juya baya, yana tauna masa ƙanƙarar da ya tafasa sau biyu, wataƙila ma suna zaune suna dariyar mai wankin kofi.

Ya tsallaka wajen Mai aski, ya zauna kamar gyaran gemu ya kawo shi.

"Maƙwabci, ba ka ganin wata mota tana tsayawa ƙofata in na fita?"

Almakashin ya ɗan tsaya. "Alƙali, ni kan mutane nake kallo, ba titi ba. In na ɗaga ido ai sai in yanke kunne."

"Ko ranar Talata?"

"Talata ma da kunne mutane ke zuwa."

Alƙali ya tashi da gemu rabi a gyare. Har da Mai aski ke nan a ciki.

A gaskiya ba ƙanƙarar ce ke cin sa ba, ba ma Direban ba ne. Tsoro yake ji, tsoro irin wanda bai taɓa ji ba. In matar nan tana iya duban sa ta yi masa ƙarya, to ba shi da sauran wurin da zai ajiye kansa. Duk mutanen da ya zarga a rayuwa, ya zarge su ne da ƙarfin cewa akwai mutum ɗaya a gida da ba haka take ba. A wajen aiki hannunsa ya fara kuskure. Ya jefa wa wani matafiyi mai sauri ƙwallo, ya ba wata dattijuwa mai jiran ɗanta mai rami. Kuku ya leƙo ta tagar kicin ya ga abin, da rana ta yi ya ja shi gefe.

"Kai, lafiya? Yau hukuncinka duk a karkace."

Alƙali ya zayyana masa komai, tun daga farin gajimare har ɗigon mai. Kuku ya saurara yana share hannu da gaban riga.

"To ka tambaye ta mana."

"Na tambaya."

"A'a, tuhumarta ka yi. Na san ka. Tambaya daban, tuhuma daban. Ka zauna kusa da ita ka ce, 'Me ke damun ki?' Shi ke nan."

"In ba ta da abin ɓoyewa ai da ta faɗa da kanta."

"Zato dai zunubi ne, ko da ya zama gaskiya," in ji Kuku, ya koma kan tukunyarsa.

Alƙali ya bi shi da kallo, yana tunanin ko shi ma an saye shi.

Talatar da ta zagayo, ya yi abin da bai taɓa yi ba cikin shekara talatin da ɗaya: ya nemi hutun kwana ɗaya. Da safe ya sa farar rigarsa, ya rataya tawul, ya yi mata sallama kamar kullum. Ta amsa daga kwance. Ya fita, ya zagaya ta bayan lungu, ya shige shagon Mai aski ya zauna a bencin ciki, bayan labule.

"Alƙali, don Allah ka tafi aikinka," Mai aski ya ce, fuskarsa duk ta canza.

"Rana dubu ta ɓarawo. Yau ta mai kaya ce."

"Wallahi ba abin da kake zato ba ne."

"Ashe ka san abin da nake zato. Kai da kunne kawai kake kallo."

Mai aski ya buɗe baki, ya rufe, ya ce an sa shi rantsuwa, ba zai yi kaffara a kan rigimar gidan wani ba.

Tara da rabi motar ta tsaya, daidai kan tsohon ɗigon man. Direba ya fito, ya ƙara ƙiba, furfura ta fara masa a gefe. Bai ko ƙwanƙwasa ba, ya tura ƙofa kamar gidan ubansa. Wani ɗaci mai kama da daɗi ya taso wa Alƙali: ga shi dai bai yi kuskure ba. Ya yunƙura zai tashi, sai ga su sun fito tare. Ta lulluɓa da babban mayafi, da 'yar jaka a hannu. Ta shiga baya, motar ta tashi.

Wannan ba ya cikin lissafinsa. Ya zaci zama za su yi. Ya koma benci ya zauna. Awa biyar ya yi a wurin. Mai aski ya miƙo masa shayi ya ƙi, ya miƙo masa ruwa ya duba kofin ya ƙi. Aka aske mutum tara a gabansa, ko ɗaya bai yanke wa hukunci ba.

Wajen ƙarfe uku motar ta dawo. Direba ya zagayo ya buɗe ƙofar baya. Ta daɗe kafin ta sauko da ƙafa ɗaya. Ya sa hannu ya tallabe ta, ta jingina da shi gaba ɗaya, suna tafiya taku ɗai-ɗai kamar masu tsallaka ruwa. Daga mota zuwa ƙofa bai fi taku shida ba, sau biyu suka tsaya. Wani abu ya motsa a cikin Alƙali, amma tsohuwar ɗabi'a ba ta sakin mutum a rana ɗaya. Ya ce wa kansa bari dai ya kama su da hannu dumu-dumu.

Ya tsallaka titi, ya tsaya a bakin ƙofa. Can sai ya ji abin da yake jira daga kicin: ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ya shiga. Direba na tsugune, tsumma a naɗe a ƙasa, guduma a hannu, tiren 'yan ludo a buɗe kusa da shi.

"Sannu da aiki," Alƙali ya ce. "Gidan mai wankin kofi ya yi daɗin shiga, ko? Ba na rantse..."

"Yaya Alƙali, rage murya." Direba bai ko firgita ba. Idanunsa jajur. "Yanzu ta samu ta kwanta."

"Ni za ka ce wa in rage murya a gidana? Ƙanƙarata kake..."

"Ba ni zan sha ba. Ni rabona da ƙanƙara tun da na cire haƙori bara. Tata ce."

Alƙali ya juya ya dubi ƙofar ɗaki.

"Ƙari aka gani a maƙogwaronta," Direba ya ce a hankali. "Wata biyu ke nan. Duk bayan sati biyu nake kai ta asibiti a ɗura mata magani ta jijiya, yau zuwa na biyar. Maganin yana saɓule mata baki, ko ruwa ba ya wucewa sai da hawaye. Nas ce ta ce ta riƙa tsotsar dakakkiyar ƙanƙara, ita kaɗai ke kwantar mata da zafin."

Kofin nan da bai ji ƙamshin komai a cikinsa ba ya dawo masa. Ba wanke shi aka yi ba. Babu abin da aka taɓa zubawa a ciki sai ƙanƙara. Cikin shekara talatin da ɗaya, mutum nawa suka zo kantarsa, ramammu, masu magana ƙasa-ƙasa, suka ce a ba su dakakkiya zalla ba lemo? Ya tuna abin da yake cewa in sun juya baya: marowata, masu neman ruwan banza.

"Me ya sa ba a gaya mini ba?"

"Ita za ka tambaya. Ni direba ne kawai."

Ya ɗaga labulen ɗaki. Tana kwance rigingine, ɗankwalin ya zame kan matashi. Gashin nan da yake tsokanarta da shi cewa ya fi ƙarfin mataji, babu ko sili. Leɓunanta sun tsattsage. Ta buɗe ido ta gan shi da farar riga da tawul da tsakar rana, ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma kai hannu ga ɗankwalin ba.

"Ka kama mu ke nan, Maigida," ta ce da wata murya kamar ana jan takarda.

Ya zauna bakin gado.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na gaya maka. Sau biyu." Ta huta. "Na farko na ce maka haɗiya na yi mini zafi. Ka ce na sha lemon waje ne da ƙanƙarar ruwan kwata. Kwana uku kana tambayata wane shago ne."

Ya tuna. Har shago biyu ya je ya duba firizarsu.

"Na biyu na ce likita na son ganinmu tare. Ka ce likitocin yanzu neman wanda za su yanka suke yi. Ka ce wa ya haɗa ni da shi, ɗan'uwan wane ne." Ta sake hutawa, ta haɗiye yawu, ya ga yadda duk fuskarta ta tattare saboda wannan haɗiya ɗaya. "Sai na duba na ga in na gaya maka, zan yi jinyar kaina, in yi jinyar zarginka. Za ka zargi likita, ka zargi magani, ka zargi makwabta, ka zargi yaran da suka sani ba su faɗa ba. Ni kuwa ɗaya kawai zan iya ɗauka."

Babu faɗa a maganar, shi ne ma abin da ya fi yi masa ciwo. Mutumin da ke gane ruwan famfo a cikin ɗan ludo ɗaya ya kwana wata biyu kusa da matarsa tana narkewa, ya ga komai, ya rubuta komai a ransa, bai gane komai ba. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki, da tsoron da ya ninka na da.

"Me likitan ya ce?"

"Ya ce saura zuwa uku, sannan a duba. Bai yi alkawari ba."

Daga kicin aka ci gaba: ƙwas, ƙwas. Alƙali ya miƙe ya fita. Ya buɗe tsumman ya duba aikin Direba: gutsattsari manya da ƙanana, masu kaifi kamar fasasshiyar kwalba.

"Wannan kake ba ta? Wata biyu?"

"Iyakar iyawata ke nan."

"Wannan ai yanka mata baki zai ƙara yi. Kuma da ruwan famfo kake mayar mini. Matsa."

Ya wanke hannu har gwiwar hannu. Ya ɗauko sabon tawul, ya fito da ƙwallo ɗaya, garau, ya naɗe. Bai buga da ƙarfi ba, ya bi ta da gefen guduma, ƙanana-ƙanana, yana juyawa, har ta koma laushi kamar garin sukari. Ya zuba a ƙaramin kofi. Ya fasa 'yan ludo biyu masu kyau, ya ɗauraye gutsattsarin da ruwa har kaifinsu ya mutu suka yi sumul, ya zuba a kofi na biyu. Ɗaya ƙwallon da ta rage ya sa ta a na uku, don hannunsa ya saba jera tire a cike. Direba na tsaye yana kallo, makullin mota a hannu.

"Talatar sama ƙarfe nawa?" Alƙali ya tambaya bai ɗago ba.

"Tara da rabi."

"Ni zan zauna da ita a baya. In ka zo ka kashe motar ka shigo, ka sha shayinka a zaune. Kuma ka gyara wannan yoyon man."

"To, Yaya."

Ya ɗauki tiren da hannu ɗaya, ƙaramin cokali a gefe, tawul a kafaɗa, ya shiga ɗakin. Ya tsaya a kanta yadda yake tsayawa kan manyan baƙi. Kallo ɗaya ya yi mata ya san wadda ta dace, har bakinsa ya buɗe zai ce ga taki. Sai ya rufe. Ya durƙusa, ya sauke tiren daidai idonta.

"Wace iri kike so?"

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Dariyar nan tata ta ciki ta taso, ta tsaya a ido don baki ba zai iya ba.

"Sai yau, Maigida?"

"Sai yau."

"Mai laushin nan za ta wuce, ita za ka ba ni." Ta ɗaga yatsa da ƙyar ta nuna kofi na uku. "Amma kada ka mayar da waccan. Ajiye mini ita nan kusa, inda zan riƙa ganinta. Ba kai ka ce ta masu niyyar daɗewa ba ce?"

Alƙali ya ajiye kofin a kan kujerar da ke gefen gado. Ya ɗebi rabin cokali na mai laushin, ya kai mata baki.